Sabis ya ɗauke a Sabon Gari, wai an yanke "babban layi"

Mai POS Sabon Gari: Salamu alaikum mutanen gida. Don Allah wanda ya san harkar waya ya fitar da ni daga duhu. Jiya tun wajen sha ɗaya na safe sabis ya ɗauke mana a kasuwa, bai dawo ba sai bayan la'asar. Wata baiwar Allah ta zo cire dubu ashirin za ta yi cefanen suna, kuɗi ya fita daga asusunta, ni kuma bai shigo mini ba, muka tsaya kallon-kallo. Da na tambayi wanda nake sarin kati a wurinsa sai ya ce wai an yanke babban layi ne a hanyar Kaduna. Abin da ya ɗaure mini kai, ga ƙarfen sabis nan ina hango shi daga shagona, injinsa na ta ruri, sanduna huɗu cif a wayata. To ina ruwan hanyar Kaduna da ni?

Hajiya Mai Atamfa: Wa alaikumus salam. Wallahi ɗana mu ma ya shafe mu. Mai saye ta ɗauki turmi uku, ta ce tiransifa za ta yi, muka yi ta jira har ta gaji ta ajiye ta tafi. Allah ya sa ta dawo.

Bakano Sak: Zage-zagi ke nan, sabis ma ya gaji da ku 😂 Mu nan Kantin Kwari lafiya lau muka wuni.

Admin: Bakano ka fara ko? Bari masu ilimi su yi magana tukuna.

Injiniya Samaru: Ƙanena Mai POS, sandunan da kake gani a wayarka ba su faɗa maka komai ba illa cewa tsakaninka da ƙarfen nan lafiya. Shi ke nan iyakar labarinsu. Shi ƙarfen ba shi ne yake haɗa ka da banki ba, ɗan aike ne. Abin da ya karɓa daga wayoyin unguwa sai ya miƙa shi gaba, ko ta waccan farantin da kake gani a jikinsa mai kama da ganga, ko ta kebul da aka binne a ƙasa. Na ƙarafa da yawa su taru wuri ɗaya, daga nan su shiga uwar layi, wato kebul ɗin fayiba da ke bin gefen babban titi daga gari zuwa gari har inda manyan na'urorin kamfani suke. Silin gilashi ne a ciki, kaurinsa kamar na gashi, haske ne ke gudu a cikinsa. Katafila ɗaya ta kai masa cebur a wurin aikin titi, ko wani mai haƙa kwalbati ya sare shi, duk wanda ke rataye da shi ya shiga uku, ko da ƙarfen unguwarsu yana ƙofar ɗakinsa.

Turawa da sunan gangar itace suke kiran irin wannan layi, sauran kuma rassa. In ka sare reshe, reshen ne kawai ya tafi. In ka sare ganga fa?

Mai POS Sabon Gari: To Yaya, me ya sa wanda ke shagon kusa da ni nasa layin yana aiki? Kamfaninmu ba ɗaya ba ne, amma ai hanyar Kaduna ɗaya ce.

Injiniya Samaru: Hanya ɗaya ce, rami ba lallai ɗaya ba. Wani ya binne nasa ta hannun dama, wani ta hagu. Sannan mai hankali ba ya yin layi ɗaya miƙaƙƙe, zobe yake yi. In aka yanke ta ɓangaren Kaduna, sai saƙo ya juya ta Kano ko ta Jos ya zagayo, kai ba ka ma san an yi wani abu ba. Ranar da ka ga an wuni babu sabis, galibi ko dai babu zoben, ko kuwa an yanke shi wuri biyu lokaci ɗaya, ko hanyar da aka juya ta yi ƙanƙanta ga kayan da aka ɗora mata.

Baba Ɗan Reluwe: Salamu alaikum. Jikata ce ke rubuta mini, ni idon ya yi rauni. Na ji ta tana karanta maganar Injiniya sai na ce tsaya, wannan ai aikinmu ne yake faɗa da wani suna. Mu a reluwe haka muke cewa, akwai babban layi akwai reshe. Babban layi shi ne wanda ya taso daga Ikko ya bi Ibadan, Ilori, Jebba, Minna, Kaduna, ya zo nan Zariya ya wuce Kano. Reshe kuwa shi ne wanda ya balle daga nan ya yi Funtuwa, Gusau, ya tsaya Ƙauran Namoda. Yaran yanzu suna wucewa ta tashar nan suna ganin ciyawa da awaki, ba su san Zariya mahaɗa ba ce. Ita Sabon Garin da kake kasuwa a cikinta, ɗana, jirgi ne ya haife ta.

Malamar Tarihi Kongo: Baba sannunku da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Bari in ɗora a kan abin da kuka faɗa, don akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. Dogon da ya fara isowa Zariya ba daga Ikko ya taso ba. Daga Baro ya taso, a bakin kogin Neja. An fara shi a 1907 zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne, ya kai Kano a 1911. Tunanin Turawan Arewa a lokacin shi ne kaya su sauka Baro a zuba su a jirgin ruwa, ba sai an bi ta hannun Ikko ba. Shi kuma layin Ikko, wanda ya kai Ibadan tun 1901, yana ta hawowa, har suka haɗu a Minna, aka gama su hukuma ɗaya a 1912. Daga nan sai lissafi ya juya. Kaya suka riƙa wucewa Ikko kai tsaye, guntun Minna zuwa Baro da aka fara a matsayin uwa ya koma reshe, Baro ta yi ta dusashewa. Wato ba a haifar layi da sarauta, inda kaya suka bi nan ne babban layi.

Kuma auduga aka yi wa dogon tun farko, shi ya sa aka kafa injin gurzar auduga a nan Zariya. Sai manoman ƙasar Kano suka duba suka ga gyaɗa ta fi musu riba, in ma ba a saya ba za su ci abinsu. Dalar gyaɗa daga nan ta samo asali.

Bakano Sak: Kun ji ko? An yi muku jirgi don auduga, mu muka cika shi da gyaɗa. Tun 1912 muke ciyar da ku.

Ɗan Tudun Wada: Ka yi ta cika baki. Duk buhun gyaɗar da ya bar Kano sai ya durƙusa ya gai da Zazzau kafin ya ga teku.

Baba Ɗan Reluwe: Ku bar wasan nan ku ji. 'Yata Malama ta yi daidai. Amma abin da nake so Injiniya ya sani, waya da jirgi tare suka taso, tagwaye ne. Dogonmu ɗaya ne tal, mai zuwa da mai komowa duk a kansa suke bi. Ba sa wuce juna sai a tasha, inda aka yi ɗan layi na biyu a gefe. To yaya za a yi kada su yi karo a daji? Waya. Duk inda dogo ya bi, falwaya na biye da shi a gefe. A ofishin tashamasta akwai wata na'ura ta ƙarfe mai ƙararrawa, an haɗa ta da 'yar'uwarta a tasha ta gaba. Kafin jirgi ya tashi, sai tashamasta ya buga wa na gaba ya nemi hanya. In can ya yarda, sai ya saki na'urar daga wajensa, nan kuma a zaro wani ɗan ƙarfe mai sunan tashoshin biyu a jiki. Da an zare ɗaya, na'urorin duka biyu sun kulle, ba mai sake zaro wani sai an mayar da wannan. A sa shi a jakar fata mai kewayen ƙarfe kamar bakin kwando, a miƙa wa direba. Wani lokaci jirgi bai ma tsaya ba, ma'aikaci na tsaye a bakin dandamali ya ɗaga hannu, mai taimakon direba ya zura nasa hannun ya sure ta, ya jefo ta tashar baya. Direban da ba shi da wannan ƙarfe a hannu, ko uban wa ya ce masa tafi, ba zai motsa ba.

Ranar da ruwan sama ya kayar da falwaya, ko wasu suka yanke wayar don tagullar ciki, ranar jirgi sai ya yi ta zama a tasha da fasinja, ga dogo lafiya lau, ga kan jirgi da mai, amma babu magana tsakanin tasha da tasha. Irin naka ne na jiya, ɗana. Ƙarfe na tsaye, inji na ruri, hanya babu.

Mai POS Sabon Gari: Allahu akbar. Baba wallahi yanzu na gane fiye da bayanin Yaya Injiniya 😅

Injiniya Samaru: Na sallama, Baba ya fi ni iya koyarwa. Kuma abin da ya faɗa na dogo ɗaya shi ne ainihin lissafin waya ma. Ba a taɓa yi wa kowane mai waya layinsa na kansa zuwa wani gari ba. A ce gari na da masu waya dubu, ba za a ja layi dubu zuwa Kaduna ba, don ba za su ɗaga waya gaba ɗaya a lokaci ɗaya ba. Sai a ja kaɗan a yi ta karɓa-karɓa. Wani ɗan ƙasar Denmark mai suna Erlang, ma'aikacin kamfanin tarho na Copenhagen, shi ya fitar da lissafin layi nawa ya kamata a ja tun 1917, har yau da sunansa ake auna cunkoson kira. Lokacin da muka fara aiki, ma'aunin da muke yawan ji shi ne E1, mai ɗaukar kira 30 a lokaci ɗaya. Na talatin da ɗaya sai ya jira. Shi ya sa ranar Sallah da safe kira ke wahalar shiga, kowa ya fito hanya lokaci guda.

Hajiya Mai Atamfa: Kai ka tuna mini. Lokacin maigidan yana aiki Ikko, in zan yi magana da shi sai in yi shiri kamar mai zuwa biki, in hau mota daga cikin birni in je ofishin waya. Ka ba da lamba a rubuta, ka biya na minti uku, ka samu benci ka zauna. Wata rana tun hantsi na zauna da goyo har aka kira azahar. Da aka kira sunana aka ce in shiga akwati na biyu, na ɗauki kan wayar, ina jin muryarsa can ƙasa kamar daga rijiya, gaisuwa kawai muka yi, ban kai ga faɗin abin da ya kawo ni ba aka ce lokaci ya cika. Kuma abin da ya kawo ni kuɗin makarantar yara ne! Har yau ina tuna lambar Zariya 069 ce, Kaduna 062, Kano 064, Ikko 01.

Malamar Tarihi Kongo: Hajiya kin riƙe su daidai. Wancan zamanin wayar cikin ƙasa tana hannun hukumar P&T, ta ƙasashen waje tana hannun kamfanin NET, sai a 1985 aka haɗa aka yi NITEL. Wayar salula ta GSM kuwa sai 2001.

Ɗan Funtuwa: Ni fa duk wannan hirar ta tarihi ba ta dame ni ba kamar abin da ke gabanmu. Ana ta murnar sabon dogo daga Kaduna zuwa Kano, zai bi ta Zariya, madalla. Mu fa? Reshen da Baba ya ambata, yaushe rabon da a ga jirgi a kansa yana jigila kamar da? Masara da auduga da waken suya na yankinmu duk a tirela suke tafiya, titi na farfashewa, kuɗin mota na cinye ribar manomi. Ni a ganina da kuɗin da za a zuba a sabon layi ɗaya, gara a tashi tsofaffin rassa. Babban layi ba ya noma komai, rassa ne ke ba shi abinci.

Injiniya Samaru: Ban yarda da kai ba a nan. In ka gyara reshe ya kawo kaya Zariya, ya zuba su a ina? A kan uwar da ita kanta ba ta da lafiya? Da aka farfaɗo da jirgin Ikko zuwa Kano a ƙarshen 2012, tafiyar kilomita dubu ɗaya da ɗari da wani abu sai ta ci fiye da kwana guda. Ɗan kasuwa ba zai jira wannan ba. Ganga ake fara gyarawa.

Ɗan Funtuwa: Gangar da kake magana ai ba gyara ta ake yi ba, wata ake dasawa a gefe. Kuma ba jinsi ɗaya ba ne.

Malamar Tarihi Kongo: Nan kam Ɗan Funtuwa ya taɓo inda ke ciwo. Tsohon dogo faɗinsa ƙafa uku da inci shida ne, milimita 1,067. Sabon, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da na Ikko zuwa Ibadan na 2021, milimita 1,435 ne. Taragon wannan ba ya hawa kan wancan. Ko yau aka tashi reshen Ƙauran Namoda, kayan da ya kawo sai an sauke su an sake lodi kafin su hau sabon layi.

Kuma Zariya ta taɓa ganin irin wannan da idonta. Akwai reshe na biyu da Baba bai ambata ba, ƙaramin jirgin da ake kira na Bauci, ko da yake bai taɓa zuwa garin Bauci ba. Daga nan ya tashi ya bi ta Rahama ya hau tsaunin Jos har Bukuru, an gama shi a 1914, don kwasar kuza. Faɗinsa ƙafa biyu da rabi ne kawai. Duk kuzar da ya kawo sai an juye ta a Zariya zuwa manyan taragu. Da layin gabas ya taso daga Fatakwal, aka ja masa reshe daga Kafanchan zuwa Jos a 1927 da dogo irin na babban layi, sai kuza ta samu hanyar da babu sauke-ɗora. Ƙaramin jirgin ya yi ta jan ƙafa har aka rufe shi a 1957. Ba lalacewa ya yi ba, rashin dacewa da uwa ne ya kashe shi.

Baba Ɗan Reluwe: Ban manta da shi ba 'yata, ban riske shi a aiki ba ne. Mahaifina ya hau shi. Yana ba mu labari wai in ya zo hawan tudu mutum zai iya sauka ya kama ruwa ya dawo ya same shi. Ko gaskiya ne ko ƙarin gishirin tsofaffi, oho.

Ɗan Tudun Wada: To ni tambayata, in sabon jirgin ya zo, Zariya mahaɗa za ta koma ko tashar wucewa? Don akwai bambanci. Mahaɗa ita ce inda ake kwana, ake sauke kaya, ake gyaran inji, masu abinci da 'yan dako da masu masauki su samu. Tashar wucewa kuwa minti biyar ne, a sayi ruwan leda a wuce. Ku dubi yadda garuruwan da bayafas ya zagaye suke komawa.

Injiniya Samaru: Wannan tambayar ta fi ta Ɗan Funtuwa ƙarfi, kuma ba ni da amsar da za ta faranta maka. Abin da ke sa wuri ya zama mahaɗa shi ne a samu abin da ke shigowa daga gefe. In babu reshe, a samu aƙalla wurin lodi na kirki inda tirelolin Funtuwa da Giwa da Soba da Ikara za su kawo hatsi a ɗora wa jirgi. In ba a yi wannan ba, za mu riƙa ɗaga masa hannu ne kawai. Abin haushi, ga Cibiyar Fasahar Sufuri ta ƙasa a nan hanyar Basawa, ga ABU, masu wannan lissafin a garin nan suke kwana.

Ɗan Funtuwa: Ka dawo hanyata ke nan, Yaya.

Injiniya Samaru: Rabi. Har yanzu ina nan a kan cewa uwa ce farko. Abin da na ƙara shi ne kada ta zama ɗaya tilo. Ko a reluwe ai ba ganga ɗaya aka yi ba, akwai ta yamma daga Ikko, akwai ta gabas daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi da Kafanchan, suka haɗu a Kaduna, daga baya aka ja wata har Maiduguri a 1964. Amma daga Kaduna zuwa nan zuwa Kano, zare ɗaya ne. Gada ɗaya ta karye a tsakani, an raba Kano da tashoshin teku biyun, Ikko da Fatakwal, gaba ɗaya.

Intanet ɗinmu ma kusan haka take. Yawancin manyan kebul na ƙarƙashin teku a Ikko suke fitowa tudu, daga can ake jawo mana. Kun tuna ranar 14 ga Maris 2024, cikin azumi, da kebul huɗu suka samu matsala lokaci ɗaya a tekun yankin Kodebuwa? Bankuna suka rikice, ƙasashe da dama a Afirka ta Yamma suka shiga duhu. Mutum na zaune a Tudun Jukun, abin da ya hana shi tura kuɗi yana ƙarƙashin ruwan da bai taɓa gani ba.

Mai POS Sabon Gari: Wannan ranar ai ba zan manta ba, da bakin azumi na sha zagi. To yanzu Yaya mene ne nawa a ciki? Ni ba zan iya binne kebul ba.

Injiniya Samaru: Yi naka zoben. Sa layin kamfani biyu daban, in da hali na'ura biyu ta bankuna daban. In ɗaya ya kwanta ka juya ɗayan. Ba kullum zai cece ka ba, don wani lokaci kamfanonin haya suke yi a rami ɗaya, amma ya fi zama da ɗaya.

Hajiya Mai Atamfa: Ni zobena tsabar kuɗi ne a lalita. Shi ba a yanke masa layi.

Bakano Sak: Hajiya kin fi su duka. Sai dai ɓarawo ya yanke lalitar 😂

Hajiya Mai Atamfa: Bakinka ya sari ɗanyen kashi, ɗan nema.

Admin: Mai POS, ba ka faɗa mana yadda kuka ƙare da mai cefanen suna ba.

Mai POS Sabon Gari: Na ba ta dubu goma daga aljihuna ta rage hanya, ta bar mini lambar mijinta. Da daddare kuɗin ya koma asusunta, yau da safe ta aiko yaro da shi, har da ɗan wake da naman suna a leda.

Baba Ɗan Reluwe: Madalla da ita. Malama 'yata, in kina son ganin jakar nan ta fata da na faɗa, akwai wani abokin aikina a Layin Reluwe da nake jin ya ajiye hotonta, yana tsaye a dandamali yana miƙa wa direba. Zan sa yarinyar nan ta je ta ɗauko a waya ta saka muku a nan, in Allah ya kai mu Asabar. Yanzu an kira magariba, ta ce cajinta ma saura kaɗan.